Kwabban tagullar Sifaniya masu tambari a kan tambari: mene ne labarinsu, kuma ta ina mai tarawa zai fara?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ƙanena da ke aiki a Sifaniya ya zo ganin gida, ya kawo mini tsarabar tsofaffin kwabbai na jan ƙarfe da ya saya a kasuwar ranar Lahadi. Ɗaya babba ne mai hoton sarki, an rubuta CAROLUS III da 1774 da lamba 8. Ɗaya yana da zaki da 1870. Sauran kuwa baƙi ƙirin ne, duk sun lotse, an daddanna musu lambobi a kan juna. A jikin guda na iya karanta VIII da 1641, da kuma 8 da 1652. Shin waɗannan lalatattu ne in zubar? In wanke su? Suna da tsada? Ina so in fara tara irinsu.

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Kafin komai, kada ka zubar da ko guda, kuma kada ka kusance su da toka ko tsamiya ko lemun tsami. Waɗancan munanan da kake ganin sun lalace su ne suka fi ɗaukar tarihi a cikin tsarabar taka. Lambobin da ke kansu ba ɓarnar wani yaro ba ce. Hukuma ce ta buga su, da umarnin sarki, kuma kowace lamba tana nuna ranar da aka kwana da kuɗi a aljihu aka wayi gari darajarsu ta canja.

Lambar 8 da VIII da ka gani suna nufin marabedi takwas. Marabedi, wanda suke rubutawa maravedí, shi ne ma'aunin lissafin kuɗi a masarautar Kastila, babban ɓangaren Sifaniya, tsawon ɗaruruwan shekaru, kuma asalinsa yana da alaƙa da mu. Murabiɗun, waɗanda suka taso daga yammacin Sahara suka haye Andalus ƙarƙashin Yusuf bin Tashfin a 1086, sun buga dinari mai nagarta da zinariyar Afirka ta Yamma, wadda ayari ke ɗaukowa ta Audagust da Sijilmasa. Dinarin nan ya samu karɓuwa har a garuruwan Kirista, suka riƙa kiransa da sunan masu shi. Da ya yi ƙaranci, Sarki Alfonso na Takwas ya buga nasa a Toledo a shekarun 1170, da rubutun Larabci, sai dai saƙon da ke jiki na Kiristanci ne. To, wannan kuɗin da ya fara a matsayin zinariya mai kusan giram 4 shi ne ya yi ta gangarowa, daga zinariya zuwa azurfa, daga azurfa zuwa gauraye, har ya zama ɗan guntun jan ƙarfen da ke tafin hannunka.

Tsarin da kwabbanka suka taso a cikinsa an kafa shi ne a 1497, lokacin da Sarki Fernando da Sarauniya Isabel suka fitar da dokar kuɗi a garin Medina del Campo. Riyal ɗaya na azurfa ya zama marabedi 34, don haka babban riyal takwas, wanda duniya ta sani da dalar Sifaniya, ya kama marabedi 272. Can ƙasa akwai ƙaramin kuɗi na cefane, blanka, rabin marabedi, mai harafin F da kambi a fuska ɗaya da Y a ɗaya fuskar. Ba tsantsar jan ƙarfe ba ne, akwai ɗan ɗigon azurfa a ciki, kuma wannan gaurayen shi suke kira vellón, a furta shi beyon. Ka riƙe kalmar nan, don da ita za ka nemi kayan a wurin dillalai. Ka kuma lura, an ci gaba da buga kuɗi da sunan Fernando da Isabel har zuwa 1566, alhali Isabel ta rasu tun 1504, kuma babu shekara a jikinsu. Wanda ya ce maka blankarsa lallai ta zamanin Kolumbus ce, sunan da ke jiki kaɗai bai isa hujja ba.

Abin da ya kamata mutum ya tambaya shi ne, yaya aka yi ƙasar da ke da dutsen azurfa na Potosí a Bolibiya ta yau tun 1545, da na Zacatecas a Meziko tun 1546, ta koma cefane da buhunan jan ƙarfe? Amsar ita ce bashi da yaƙi. Azurfar da jirage ke saukewa a Sevilla tun kafin ta iso an riga an jinginar da ita ga masu ba da rance, musamman attajiran Genoa, don a biya sojojin da ke yaƙi a Holan da Italiya da Jamus. Baitulmali ya gaza biyan bashi a 1557, da 1575, da 1596, da 1607, aka kuma maimaita a 1627 da 1647. Sabon haraji sai da yardar majalisar wakilan biranen Kastila, kuma wakilan ba sa sakin hannu da sauƙi. Buga kuɗi kuwa haƙƙin sarki ne shi kaɗai. Sarakunan sun yi taka-tsantsan da azurfa, domin da ita suke hulɗa da waje, sai suka juya kan kuɗin talaka.

A zamanin Filib na Uku, daga 1599, aka shiga buga beyon ba azurfa. A 1602 aka rage nauyinsa da rabi. Ma'aunin marko, wato kimanin giram 230 na jan ƙarfe, wanda da yake fitar da marabedi 140, sai ya koma fitar da 280. Kwabon marabedi takwas ya zama kimanin giram 6 da rabi. Daga nan tsofaffin kwabbai masu nauyi suka zama matsala, sai a 1603 aka zo da dabarar da ta haifi irin naka: kowa ya kawo tsohon kuɗinsa gidan buga kuɗi, a danna masa sabon tambari, na biyu ya zama huɗu, na huɗu ya zama takwas. Wannan tambarin shi ne resello. Ga inda cutar take. Idan ka kai kwabo 100 na marabedi huɗu, wato marabedi 400, za a mayar maka da kwabo 50 masu tambarin VIII, a ce maka ga 400 ɗinka cif, a ɗan ƙara maka na wahalar hanya. Sauran hamsin ɗin sun zama na sarki. A takarda ba a ƙwace maka komai ba. A kasuwa kuwa kuɗi sun ninka, alkama da man zaitun suna nan yadda suke, sai farashi ya tashi ya cinye abin da ke hannunka.

Akwai wanda ya faɗi gaskiya tun da wuri. Wani malamin coci ɗan ɗariƙar Jesuit, Juan de Mariana, ya wallafa risala a kan sauya kuɗi a birnin Kolon na Jamus a 1609. Hujjarsa ita ce dukiyar talakawa ba ta sarki ba ce, ba shi da ikon ɗora musu haraji ba da yardarsu ba, kuma rage darajar kuɗi haraji ne da aka ɓoye. Ya haura shekara saba'in a lokacin, amma hakan bai hana a kama shi a tsare a wani gidan ibada a Madrid ba. Mai karatun tarihin Musulunci zai tuna cewa Al-Maƙrizi ya yi irin wannan kuka a Masar tun 1405, inda ya ɗora alhakin tsadar rayuwa a kan yawaitar fulus na jan ƙarfe a mulkin Mamluk. Shekara ɗari biyu tsakaninsu, addini daban, amma ciwon da suka gano ɗaya ne.

A 1608 majalisa ta sa sarki ya yi alkawarin daina buga beyon na shekara ashirin. Alkawarin bai kai ba. A 1617 aka koma ruwa, kuma daga 1621 zuwa 1626, farkon mulkin Filib na Huɗu da wazirinsa Olivares, aka buga shi ba ƙaƙƙautawa. Jan ƙarfen ma ba na gida ba ne, galibinsa daga mahaƙar Falun ta ƙasar Suwidin ake sayo shi, da azurfa. Da 'yan fasa-ƙwauri na arewacin Turai suka ga irin ribar da ke ciki, sai suka riƙa buga jabu a can suna shigowa da shi ta teku, suna kwashe azurfa suna fita da ita. Mutane suka ɓoye riyalansu, mai son azurfa sai ya biya ƙari a kan canjin hukuma. Masanin tarihin farashi Earl Hamilton, wanda ya bi littattafan asibitoci da gidajen ibada na wancan zamani, ya nuna ƙarin nan ya kusa kashi 200 cikin 100 a 1642, ya kai 275 a farkon 1680, kuma a tsakiyar ƙarnin fiye da kashi 90 cikin 100 na kuɗin da ke yawo a Kastila beyon ne.

Yanzu ɗauko naka mai VIII da 1641 da 8 da 1652, ka kai shi bakin taga inda haske ke zuwa ta gefe, ka juya shi a hankali. A ƙarƙashin tambarin, idan Allah ya sa bai shafe duka ba, za ka hango garkuwa mai kambi da gidan sarauta mai hasumiya uku a ciki, a ɗaya fuskar kuma zaki a tsaye. A gefen da'ira wataƙila ka tsinci haruffa biyu ko uku na PHILIPPVS, ko na HISPANIARVM REX. In haka ne, mai yiwuwa kwabon bugun guduma ne na Filib na Uku ko na Huɗu, wanda aka haifa da darajar marabedi 8 tsakanin 1602 da 1626. Ga rayuwar da ya yi. A watan Agusta 1628 aka wayi gari da shela cewa ya koma 4. A shekarar nan ce kuma Piet Heyn na Holan ya kame jiragen azurfa a Matanzas ta ƙasar Kuba. A 1640 Kataloniya da Fotugal suka yi tawaye, ana neman kuɗin yaƙi ido rufe, sai a 1641 aka kira shi aka danna masa VIII, ya koma 8. A watan Satumba 1642 aka sare shi zuwa 2. A watan Nuwamba 1651 aka sake kiransa, aka ninka shi sau huɗu, aka buga masa wannan 8 ɗin ta lissafin da muke amfani da ita yau. Bai yi shekara ba, a watan Yuni 1652, aka mayar da shi 2. Kwabo ɗaya, nauyinsa bai ƙaru ba bai ragu ba, amma darajarsa ta sauya sau biyar cikin shekara 24. Lotsewar da tsagewar bakinsa daga dukan hatimi ne, domin a sanyi ake buga shi, da gaggawa, a kan ƙarfen da ya riga ya gaji.

Ni abin da ke taɓa mini zuciya duk lokacin da na riƙe irin wannan shi ne mutumin da ke can ƙasa. Babban attajiri yana da azurfa a akwati, yana da gona, kuma sau da yawa yana jin ƙishin-ƙishin ɗin shela kafin ta fito, ya yi maza ya biya bashinsa da beyon. Ɗan ƙodago da mai sayar da burodi da bazawara mai 'yan kwabbai a tulu su ne suke kwana da takwas su tashi da biyu. Ga kuma nauyi. Yi lissafi da kanka: bayan 1642, ko da babu ƙarin canji, riyal takwas guda ɗaya, azurfa mai kimanin giram 27, daidai yake da irin kwabonka 136, wato kusan giram 900. Babban ciniki sai da alfadari da sikeli, a auna buhu a maimakon ƙirga. Kakanninmu sun san wannan wahala a zamanin kuɗin wuri. Lokacin da Heinrich Barth ya zo Kano a 1851 ya tarar ana canja dalar Sifaniya ko ta Ostiriya a kan wuri 2,500. Ka ga azurfar Sifaniya ta ƙetaro Sahara ta iso kasuwanninmu, amma jan ƙarfenta bai taɓa zama kuɗin ciniki a ƙasar Hausa ba. Saboda haka wanda ya kawo maka marabedi ya ce a kufai ya tono shi a Katsina ko Zinder, kada ka karɓi labarin da hannu biyu-biyu, ka saya don kwabon kawai in ya yi maka, ba don labarin ba.

Ka duba sauran baƙaƙen, za ka iya samun wasu tambura. IIII ko VIII mai kambi, da harafi a ƙasa, ba shekara, na 1603 ne. VI ko XII tare da 1636 an buga su ne a kan tsofaffin kwabbai masu ɗan azurfa, aka ninka su sau uku. Akwai kuma VI da XII masu 1641 ko 1642, waɗanda aka yi wa kyawawan kwabban injin Segovia. Akwai IIII da VIII na 1654 da 1655. Na ƙarshe shi ne na 1658 da 1659, babban tambari mai sarƙaƙƙun haruffan sunan sarki a fuska ɗaya da REX a ɗaya fuskar, wanda yakan kusa rufe kwabon baki ɗaya. Ƙa'idar karatu mai sauƙi ce: wanda ya hau kan wani shi ne na baya. Kuma daraja tana fuska ɗaya, shekara tana bayanta daidai, domin hatimi biyu ne suka matse kwabon lokaci guda. In ka ga VIII, juya bayansa ka nemi shekararsa.

Abu na gaba da za ka koya shi ne alamar gidan da ya buga, kuma nan ne daɗin sana'ar yake. Yadda tsofaffi kan dubi tsagar fuska su ce wannan Bagobiri ne, wancan Babarbare, haka mai tara kwabbai ke duban ɗan ƙaramin zane ya san garin. Gadar ruwa mai baka-baka Segovia ce, domin gadar da Rumawa suka gina tana nan tsaye a garin har yau. T da ɗan zagaye a kanta Toledo. S Sevilla, B Burgos, G ko 'yar rumman Granada. Kofi mai ƙafa Cuenca. Ɓawon kawa mai tsaga-tsaga La Coruña. M da D a haɗe Madrid, daga baya ta koma M mai kambi. Sau da yawa kwabo an haife shi a wani gari, an yi masa tambari a wani, an sake yi masa a na uku, sai ka ga hanyar da ya bi a ƙasa.

Segovia ta cancanci a ɗan tsaya a kanta. A 1583 Filib na Biyu ya sa aka gina gidan buga kuɗi a bakin kogin Eresma, magininsa Juan de Herrera ya tsara shi, aka kawo injuna da ma'aikata daga garin Hall na yankin Tirol. Ruwa ne ke juya manyan ƙafafun katako, su kuma su juya gammo biyu na ƙarfe masu zane, a zura fallen ƙarfe a tsakaninsu ya fito da hoton kuɗi a jere, sannan a huda a cire. Ya fara aiki a 1586. Kwabbansa zagayayyu ne, rubutu tsaf, kuma in ka ɗora ɗaya a kan gilashi wani lokaci za ka ga ya ɗan lanƙwasa saboda matsar gammo. Ka ajiye shi kusa da na guduma na shekara ɗaya, ba za ka ce ƙasa ɗaya ta yi su ba. Ginin yana nan, an mayar da shi gidan tarihi, in ƙanen naka ya samu hutu ya leƙa.

A 1660 aka gwada wata hanya: sabon kuɗi mai hoton Filib na Huɗu, da azurfa kusan kashi 7 cikin 100, babbansa marabedi 16 mai nauyin giram 4 da rabi. Tazarar da ke tsakanin darajar ƙarfen da lambar da ke jiki ta yi yawa, sai masu jabu suka yi masa caa. A 1661 aka hana bugun guduma, aka kafa injuna a sauran gidajen buga kuɗi, har da Trujillo da Córdoba, amma jabu bai tsaya ba. A 1664 aka daina buga shi, aka raba darajarsa biyu. Shi ya sa yau kasuwa ta cika da 16 na ƙarya na wancan zamani, sirara, rubutu a karkace, fuskar sarki kamar yaro ya zana. Masu tarawa na can suna kiransu falsa de época, kuma ba a zubar da su. Ni ina ganin tarin da babu ko ɗaya daga cikinsu bai cika ba, muddin an rubuta a takardarsa cewa jabu ne. Maganin gaske bai zo ba sai a mulkin Karlos na Biyu: a watan Fabrairu 1680 aka sare darajar wannan kuɗi zuwa kashi ɗaya cikin huɗu, aka fito da sabon marabedi biyu na tsantsar jan ƙarfe, a 1686 aka gyara lissafin azurfa. An sha wuya ƙwarai, ciniki ya tsaya, mutane da yawa sun karye, amma daga nan wasan tambari ya ƙare.

Ka sani duk wannan labarin Kastila ne. Aragon da Kataloniya da Valencia da Navarra da Mallorca sarki ɗaya suke bi, amma kowace da kuɗinta da dokokinta, kuma wannan annoba ba ta ci su haka ba. A nahiyar Amurka ma jan ƙarfe bai yi kasuwa ba. An buga shi a Santo Domingo da birnin Meziko daga wajen 1542, mutanen Meziko suka ƙi karɓa, cikin shekara goma aka haƙura.

Babban kwabonka mai CAROLUS III ɗan wani zamani ne daban. A 1772 Karlos na Uku ya sa aka janye tarkacen tsofaffin kwabbai, aka fito da sababbi na marabedi 8 da 4 da 2 da 1, bugun Segovia, zanen Tomás Francisco Prieto. Duba bayan ƙeyar sarki za ka ga gadar ruwa, a gaban fuskarsa lamba 8. Bayansa babu rubutu, sai gicciye da gidajen sarauta biyu da zakuna biyu, da furanni uku na gidan Borbon a tsakiya. Nauyinsa ya kamata ya kusa giram 12 in bai goge sosai ba. Wannan fasali ya zarce har zamanin Karlos na Huɗu da Fernando na Bakwai da Isabel ta Biyu, zuwa wajen 1850, har Yusufu Bonaparte, ɗan'uwan Napoleon, ya buga nasa a lokacin mamayar Faransa. In ka ga harafin J a kan na Fernando ko Isabel, Jubia ce a yankin Galicia, masana'antar da aka gina don yin fallayen jan ƙarfe na jiragen ruwa, yaƙi ya mayar da ita gidan buga kuɗi.

Mai zaki na 1870 kuwa ba marabedi ba ne. A ranar 19 ga Oktoba 1868 ministan kuɗi Laureano Figuerola ya kafa peseta, mai santimo 100. Idan naka giram 10 ne, santimo goma ne, kuma za ka ga an rubuta cewa guda ɗari suna yin kilo ɗaya. Idan giram 5 ne, santimo biyar. Haruffan OM na kamfanin da ya buga su a Barcelona ne. Mutane suka ce zakin ya fi kama da kare, suka laƙaba wa babban perra gorda, ƙaramin perra chica, kuma sun yi yawo a hannu har 1941.

Batun tsada, gara in faɗa maka gaskiya tun yanzu. An buga waɗannan kwabbai da yawan da ba ya ƙirguwa, kuma ana ta samunsu. Irin naka, a yanayin da ka bayyana, kowane ɗaya yuro kaɗan ne. Tsufa kaɗai ba ya sa tsada. Abin da ke sa ta shi ne ƙarancin shekarar ko gidan bugun, da kyan yanayi. Kwabo mai tambari uku da duk ake karanta su sarai, da asalin zanensa a bayyane, ya fi goma da suka shafe. Masu yawo suna cewa tsofaffin kuɗi na ɗauke da wani sinadari da Turawa ke saya da miliyoyi damfara suke yi, babu komai a ciki sai jan ƙarfe. Amma wannan arhar alheri ce gare ka, domin akwai fannoni kaɗan da mai ƙaramin ƙarfi zai riƙe abin shekara ɗari huɗu a hannunsa da kuɗin da bai kai na takalmi ba.

Wanki kuwa, baƙin da ke jikinsu da launin ƙasa-ƙasa ko kore mai duhu mai santsi, fata ce da shekaru suka yi musu, ita ke kare ƙarfen, kuma a cikinta ragowar zanen yake. Ka goge ta da toka ko ruwan tsami ko man goge ƙarfe, za ka samu jan abu mai ramuka wanda babu mai saye. In akwai ƙasa a maƙale, jiƙa shi a tataccen ruwa na kemis wanda babu gishiri a ciki, ba ruwan batir mai asid ba, ka riƙa canja ruwan, ka taɓa da tsinken sakace mai laushi, ka busar da shi sarai. Abin tsoro ɗaya ne: kore mai haske, mai gari-gari, wanda ke fita in ka taɓa shi, ya kuma dawo bayan 'yan makonni. Wannan gishiri ne ke cin ƙarfen daga ciki, danshi ke tayar da shi, kuma damina ita ce lokacinsa. Ka ware mai shi daga sauran. Ka ajiye kowanne a ɗan ambulan takarda ko gidan roba mai tauri, ban da leda mai laushi mai wari, domin tana fitar da abin da ke sa kore. Ka jefa 'yan ƙullin nan na shan danshi da ke zuwa a kwalin sabon takalmi cikin akwatin. Riƙo kuma ta baki, ba ta fuska ba.

Kayan aikin farko ba su da yawa: madubin ƙara girma mai ninki goma, sikelin 'yan gwal mai auna har kashi ɗaya cikin ɗari na giram, da littafi da za ka riƙa rubuta nauyi, faɗi, abin da ka karanta, inda aka saya da nawa. Sikelin ne zai fi kare ka daga jabun zamani, wanda galibi zubi ne: za ka ga ƙananan kumfa a fuska, zanen ya yi laushi kamar an shafa masa sabulu, da ɗan layi a kewayen baki inda murfin zubi ya haɗu. Dillalan Sifaniya suna ambaton lambar kundin Calicó a bayanin kaya, kuma gidajen gwanjo irin su Áureo & Calicó a Barcelona da Jesús Vico a Madrid suna barin hotunan abin da suka sayar a intanet; kallon waɗannan hotuna kyauta ne, kuma shi ne makarantar ido.

Shawarata kada ka bazu. Tunda Allah ya fara maka da masu tambari, ka sa burin samun misali ɗaya mai kyau na kowane zagaye, 1603, 1636, 1641, 1651, 1654 da 1658, sannan kwabo ɗaya na guduma da ɗaya na injin Segovia waɗanda tambari bai taɓa ba, da 16 ta gaske da ta jabu. Da wannan ɗan tari ƙarni guda na tarihin Kastila zai kwanta a faranti ɗaya. Bayan nan sai ka bi gidajen bugu ɗaya bayan ɗaya in sha'awa ta ɗore.

Ka kuma gaya wa ƙanen naka abu biyu. Kasuwar kwabbai da kan sarki tana ci kowace Lahadi da safe a Plaza Mayor ta Madrid da Plaça Reial ta Barcelona, amma ya fifita dillali mai shago da ke ba da rasit. Na biyu, dokar kayan tarihi ta Sifaniya ta 1985 ta ce fitar da abin da ya haura shekara 100 daga ƙasar yana buƙatar izini, kuma abin da aka tono daga ƙasa mallakar hukuma ne. Ya guji kwabban da aka kawo da ɗanyar ƙasa a jiki ba a san daga ina suke ba, ya kuma nemi dillalin ya yi masa takardar izinin fitarwa kafin ya sa su a jaka.